Ranar da Zahara'u Ta Faɗi Yawan Damminta

Wanda ya bar Badagishiri ya nufi gabas, in ya wuce lambunan albasa da ke kwance cikin kwari, zai fara hawan wani tudu mai jan dutse. A bisa tudun nan ƙauyen Tudun Jibo yake. A ƙarshen ƙauyen kuma, daidai inda gonaki suka fara, akwai wani gida mai rumbu biyu na laka. Gidan Zahara'u ke nan. Gajeriyar mace ce, ta haura shekara sittin, tafin hannunta ya yi kanta kamar na maƙeri, kuma in tana magana ba ta sunkuyar da kai.

Ba a tudun ta tashi ba. A kwari aka haife ta, gidan mai fadama. Mijinta Ayuba ya tafi cin rani Abijan, can ajali ya same shi, ya bar ta da ƴaƴa huɗu. Ba ta daɗe da fita takaba ba mahaifinta ma ya rasu, aka zauna rabon gado. Wanta Sufyan ya riƙe fadamar, ya nuna mata wani fili a bisa tudu.

Ya ce, “Ke mace ta, mi za ki yi da fadama? Ga fili can, ya fi fadamar faɗi sau biyar.”

Kowa ya san filin. Fako ne, wato ƙasar da ta ƙeƙashe ta yi tauri kamar daɓen ɗaki, in an yi ruwa sai ya bi ta kanta ya gangara kwari, ko ciyawa ba ta tsirowa. Zahara'u ta dubi wanta, ta dubi dattawan da suka yi shiru, ta ce ta karɓa.

A shekarun nan ne wasu manoman ƙasar Illela suka fara tassa. Aiki ne mai sauƙin faɗi: a haƙa rami kamar faɗin ƙwarya, a tara ƙasar a gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki cikin hannu biyu, a bar shi. Gara za ta zo cin takin, ta huda ƙasa ta yi wa ruwa hanya. In damina ta sauka, sai a shuka hatsi cikin ramin. Wahalar tana wurin haƙar, domin da rani ake yin ta, lokacin da diga ke tsalle daga ƙasa kamar ta bugi ƙarfe. Zahara'u ta ari diga ta hau tudu. Rami arba'in take haƙawa a wuni, da yamma ta bi tana tsintar kashin awaki a kwando, ta jera duwatsu a kan gangare. Masu wucewa suna tambayarta ko kaburburan kaji take shiryawa. Shekarar farko ta ɗaure dami tara. Ta uku ta ɗaure arba'in. Kafin shekara goma, masu dariyar sun sayi nasu digogin, kuma gidaje sama da arba'in suna ci daga fakon da aka ce ba ya haihuwa.

To, mutanen Tudun Jibo suna da wata ɗabi'a da suka gada, wadda ba su ɗauke ta ƙarya ba. Ba a faɗin gaskiyar yawan amfanin gona. Da farko tsoron baki ne: an yi imani cewa wanda ya ambaci yawan damminsa a bainar jama'a, baɗi gonarsa za ta ja baya. Tsofaffi kuma ba su manta da zamanin da ake leƙa rumbu kafin a yanka wa mutum haraji ba. Daga baya sai shekarun fari suka ƙara wa ɗabi'ar gindi, domin an lura cewa ƙauyen da ya fi kuka shi ake fara sa wa suna a takardar taimako. Saboda haka duk baƙon da ya zo da alƙalami, amsarsa ɗaya ce: bana sai godiyar Allah. Mai dami ɗari ya ce goma, mai hamsin ya ce bakwai. Wuri ɗaya ne kawai ba a rage ko zangarniya: wurin zakka. Kowane magidanci yakan ware dami ɗaya cikin goma ya kai ƙofar liman, Malam Alamin, shi kuma ya raba wa mabukata.

Ana nan, gwamnati ta kafa wani komiti don ya zagaya ƙasa ya ji ra'ayin jama'a a kan yadda za a ƙara yawan abin da ƙasar ke samarwa, da irin gyaran da tattalin arziki ke bukata. Komitin ya bi Ƙonni, ya bi Malbaza, ya iso Illela da kaka, bayan an gama shigar da hatsi. Wani ma'aikacinsa mai suna Muttaƙa, mutumin Ƙonni, shi ya hau Tudun Jibo yana bin gida gida da wata na'ura mai kama da allo.

Ya yi sallama a ƙofar Zahara'u, ta ba shi tabarma da ruwa. Ya ce, “Inna, dami nawa kika samu bana?”

“Sha biyar, ɗana. Sai godiya.”

Muttaƙa ya ɗaga kai ya dubi rumbunan nan biyu, kowanne ya fi ɗaki tsawo. “Waɗannan fa, Inna?”

“Na ado na. Mace ba ta son gida ba kwalliya.”

Ya yi dariya, ya rubuta sha biyar, ya wuce gida na gaba. Ita kuwa ta koma dakanta, ba ta sake tuna shi ba.

Bayan wata huɗu, cikin zafin bazara, aka kira maigari zuwa meri, wato ofishin magajin garin Badagishiri. Maigari Bawa taubashin Zahara'u ne, ɗan ƙanen mahaifiyarta, tun suna yara suke wasa da juna. Ya dawo da takarda a aljihu da fuska a murtuke, ya sa aka tara mutane a ƙofar gidansa bayan la'asar. Malamin lakwal, wato makarantar boko, ya karanta ya fassara.

Daftarin rahoton komiti ne. A cikinsa an ba da shawarar cewa gonakin tudu waɗanda ba su ba da ko dami biyar a eka, a haɗe su wuri ɗaya a ba masu jari su nome su da tarakta na tsawon shekara talatin, masu gonakin kuma a ɗauke su aiki a ciki. An jera sunayen wuraren da abin zai shafa. Tudun Jibo ne na farko, domin bisa ga abin da mutanensa suka faɗa da bakinsu, babu inda ya kai shi rashin albarka a duk faɗin Illela. A ƙarshe an ce komiti zai zauna a meri ranar kasuwa mai zuwa, duk mai magana ya zo ya yi kafin a rufe rahoton.

Malamin ya naɗe takardar. Can Maigari ya yi gyaran murya ya ce shi abin da ya gani, a tafi gaba ɗaya a roƙi komiti. A ce musu talakawa ne, ba su da komai sai ƴan gonakin nan, a dubi Allah a bar musu.

Daga bayan maza, inda mata ke tsaye, muryar Zahara'u ta fito. “Bawa, kukan da munka yi shi yak kai mu nan. Yanzu kuma wani kukan za ka ƙara bisa?”

Maigari ya ce, “Ke gajera, in ba kuka ba mi kike so a yi? Mu ɗauki diga mu tare tarakta?”

“Mu faɗi gaskiya. Mu ce ƙarya munka yi. Ni dami ɗari da talatin na ɗaure bana, ba sha biyar ba.”

Wata tsohuwa ta ce a'uzubillahi, ta tofa a gefe. Sufyan, wanda yanzu ya tsufa yana dogara sanda, ya miƙe a fusace. Ko da yake fadama yake nomawa, sunansa na cikin takardar taimako kamar na kowa.

Ya ce, “Zahara'u, kin haukace? Kin kira wa gonarki baki, wannan ruwanki na. Amma in kinka faɗi haka gaban gwamnati, za a cire garin ga duka daga taimako. Ranar da fari ya zo, ke za ki ciyar da mu?”

Ta ce, “Yaya, buhu biyu anka ba ka bara. Ni shekara ashirin da shida na yi ina haƙar ramun nan da hannuna. Tarakta wuni ɗaya za ta yi ta shafe su. Ba ni musanya su da buhu biyu.”

Aka watse ba a daidaita ba. Mafi yawa suna bayan Maigari.

Zahara'u ta san bakinta kaɗai ba zai isa ba. Wadda ta ce sha biyar jiya, in ta ce ɗari da talatin yau, wa zai gaskata ta? Washegari da hantsi ta tafi gidan liman, ta durƙusa daga bakin zaure.

“Allah gafarta malam, za ni kira ka shaida gaban komiti. Ka faɗi dami nawa na kawo zakka.”

Malam Alamin ya ajiye carbinsa. Ya ce, “Zakka tsakanin bawa da Ubangijinsa take, Zahara'u. Ba a kawo mini ita don in yi shela ba.”

“Ban ce ka faɗi ta kowa ba. Tawa kaɗai, kuma ni na yarda.”

Ya ce, “Ba ni tashi in yi magana da kaina. Amma in anka tambaye ni, ba ni yin ƙarya.”

Ta ce hakan ya ishe ta.

Ranar kasuwa zauren meri ya cika har waje. A gaba, bayan dogon tebur, shugabar komitin ce zaune, Hajiya Ummulkhairi, mace mai tabarau da sanyin murya, Muttaƙa na gefenta yana rubutu. Mutane suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya. Masu albasa suka ce a gina musu wurin ajiya, domin rabin abin da suke nomawa ruɓewa yake yi kafin ya ga mota. Wani direba ya yi ƙorafin yawan tsayawa a hanyar Ƙonni. Wani makiyayi ya yi magana a kan burtalin da gonaki suka cinye. Hajiya tana saurare, tana tambaya, ana rubutawa.

Da aka zo kan Tudun Jibo, Maigari Bawa ya tashi ya gyara rawani. Ya yi magana mai taɓa zuciya. Ya ce su bayin Allah ne marasa ƙarfi, ƙasarsu dutse ce, abin da suke samu bai kai su ko wata uku, a tausaya a bar su da ita.

Hajiya Ummulkhairi ta ce, “Maigari, na ji ka, kuma na tausaya. Amma ka lura, abin da ka faɗa yanzu shi ne dalilin shawarar nan. In gona ba ta ciyar da mai ita wata uku, ba mu yi muku adalci ba in muka bar ku a kanta haka. Ko akwai abin da ba mu sani ba?”

Maigari ya koma ya zauna.

Sai Zahara'u ta taso daga layin mata. Wani ɗan doka ya nuna mata ta tsaya daga nesa, ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, har ta dafa teburin.

“Ranki shi daɗe, akwai abin da ba ku sani ba. Takardar ga taku ƙarya ta, amma ba ku kunka yi ƙaryar ba, mu munka yi ta.” Ta nuna Muttaƙa. “Wanga ɗan ya zo gidana, na ba shi ruwa, na ce mashi sha biyar. Ya tambaye ni rumbu, na ce na ado na. Ɗana, ka taɓa ganin wadda ta yi ado da rumbu?”

Zaure ya fashe da dariya. Muttaƙa ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Hajiya ta ɗaga hannu aka yi shiru. “To Inna, nawa ne gaskiyar?”

“Ɗari da talatin. Ban da wake.”

“Kin ce sha biyar da kaka, yau kin ce ɗari da talatin. Wanne zan ɗauka? Ba zan iya canza rahoton ƙasa don mutum ɗaya ya canza magana ba.”

“Kada ki ɗauki ko ɗaya daga bakina. Mu mutanen tudu muna rage wa gwamnati, amma ba mu rage wa Allah. Ga limaminmu can zaune. Dami ɗaya cikin goma muke kai mashi. Ki tambaye shi nawa na kai.”

Hajiya ta juya. “Malam, ka ji abin da ta ce. Nawa ta kawo?”

Malam Alamin ya tashi a hankali. “Sha uku. Bara sha huɗu.”

Muttaƙa ya daina rubutu ya ɗago. Zahara'u ba ta koma wurinta ba. Ta juya ta fuskanci mutanen ƙauyenta, ta bi su da ido ɗaya ɗaya. Wasu suka kau da kai. Sufyan ya tashi ya fita yana buga sanda. Idon Zahara'u ya tsaya kan Maigari.

“Bawa, kai da ka iya kuka haka, rumbunka uku na mi ne? Ko kai ma ado kake?”

Aka sake dariya, amma wannan karon gajeriya. Can Maigari ya ce, ba tare da ya tashi ba, “Allah shi isa tsakanina da ke, gajera.” Ya ɗaga murya. “Malam, faɗi tawa.”

“Ashirin da biyu.”

Daga nan wani ya ce a faɗi tasa, wani ma haka. Ba kowa ba. Mutum goma sha bakwai ne suka yarda, sauran suka yi gum. Amma goma sha bakwai ɗin sun isa. Abin da suka kai zakka kaɗai ya kusa kai abin da aka rubuta wa ƙauyen gaba ɗaya.

Hajiya Ummulkhairi ta cire tabarau ta ce, “Inna, ko da haka ne, masu tarakta za su ce za su ninka abin da kuke samu.”

Zahara'u ta ce, “Su zo su gani tukuna. Ƙasar can ba a kabtarta, ramu take so. In garma ta bi ta kai, ruwan farko zai kwashe ta ya kai wa masu albasa kyauta. Ku da kunka ce kuna son jin yadda za a ƙara abinci a ƙasa, ga shi mun ƙara, ba wanda ya tambaye mu yadda munka yi. Ki hau tudu gobe, in nuna maki.”

Hajiya kuwa ta hau. Da safe motar komiti ta tsaya a ƙofar gidan, rabin ƙauye na biye. Zahara'u ta jingina tsani a jikin rumbu, ta hau da kanta, ta ture murfin, abin da ba a taɓa yi ba a gaban baƙo. Hajiya ta tattare zane ta hau ta leƙa, ta ga zangarniya jere har kusa da wuya, wata biyar bayan girbi. Daga nan suka shiga gona. Zahara'u ta durƙusa ta tona wani tsohon rami da hannu, ta nuna mata baƙar ƙasa mai laushi da hanyoyin gara, sa'an nan ta miƙa wa Muttaƙa diga ta ce ya gwada wurin da ba a taɓa haƙawa ba. Ya sara sau uku, digar ta yi tsalle, ya mayar mata yana duba tafin hannunsa.

Da rahoton ya fito, babu sunan Tudun Jibo a jerin gonakin da za a haɗe. An kuma ƙara wani sashe da ke cewa kada a yanke wa wata gonar tudu hukunci sai an je an auna ta a lokacin girbi, tare da shawarar a taimaki masu tassa da digogi da amalanken ɗaukar taki.

Abin da Sufyan ya faɗa shi ma ya tabbata. Da aka sabunta takardar taimako, aka cire ƙauyen. Mata da yawa suka daina gaida Zahara'u a rijiya. Wanta bai taka gidanta ba har sallar layya ta wuce, kuma ko da ya zo, a tsaye ya sha ruwa. Ita ba ta ba kowa haƙuri ba. Abin da ta yi kawai, da ta ji abinci ya yanke a gidan wata gwauruwa, ta aika mata da dami biyar ban da zakka.

Mutane suka zuba ido su ga abin da baki zai yi wa gonarta. Daminar ta zo da tsaiko, ruwa ya ɗauke kwana goma sha takwas hatsi na cikin fitar da kai. Da kaka ta ɗaure dami ɗari da takwas. Masu jira suka ce to, ga shi nan, an faɗa mata. Maigari da kansa ya tare ta a hanya yana dariya.

“Gajera, ashirin da biyu sun tafi. Baki ko?”

Ta ce, “Kai da ba ka faɗi naka da bakinka ba, nawa ya ragu?”

Ya ce, “Arba'in.”

“To ka je ka nemi bakin da ya ci naka.”

Har yanzu tana nan a ƙarshen ƙauyen. Ƙarfinta ya ragu, rami goma sha biyar take iya haƙawa a wuni, kuma takan zauna ta huta tsakani. Watan jiya wasu baƙi suka sake zuwa da na'urarsu, a kan wani binciken dabam. Tun kafin su gama sallama ta fito da tsani a kafaɗa, ta jingina shi a jikin rumbu, ta ce wa na gabansu ya ajiye abin rubutun ya fara hawa.